Biotin da Gwajin Jini: Jagora ga Majinyaci, Likita da Ma'aikacin Labo

A shagunan kayan kwalliya na babbar kasuwar Maradi, da cikin farmasi, da hannun masu tallar kaya ta WhatsApp, an cika da kwalaben ƙwayoyi da alawoyin da ake cewa suna tsawaita gashi, suna ƙarfafa farce, suna gyara fata. Wasu ta Katsina da Kano suke shigowa, wasu ƴan kasuwa ne ke ɗauko su daga Dubai, wasu kuma daga Faransa. Galibinsu suna ɗauke da biotin, wani bitamin wanda shi kansa ba guba ba ne, domin abin da jiki bai buƙata ba yakan fita ta fitsari. Sai dai idan ya yi yawa a jini a ranar da aka ɗibi jinin mutum, yana iya sa na'urar labo ta fitar da sakamakon da ba na mutumin ba, kuma takardar za ta fito tsaf da hatimi da sa hannu, babu wata alama da za ta nuna akwai kuskure. Ni ma'aikacin labo ne, kuma wannan lamari yana damuna, shi ya sa na ga ya dace in bi shi daki-daki.

Yadda kuskuren ke aukuwa

Babban mutum yana buƙatar kimanin mikirogiram 30 na biotin a rana, kuma abincinmu na yau da kullum, irin su gyaɗa, gwaiduwar ƙwai, hanta da dankali, yana wadatar da shi. Kwalaben gyaran gashi kuwa yawanci suna ɗauke da mikirogiram 5,000 ko 10,000 a ƙwaya ɗaya, wato miligiram 5 ko 10. Mai shan ta miligiram 10 yana shan abin da ya ninka buƙatar jikinsa fiye da sau 300.

Gwaje-gwaje da yawa na zamani suna aiki ne da sinadaran garkuwar jiki, waɗanda a labo muke kira antikor. Kamfani yakan shirya antikor da ke kama abu guda tak a cikin jini, ko dai wani homon (sinadarin da jiki ke yi don tafiyar da aikin gaɓoɓinsa), ko wani ɓangare na ƙwayar cuta, ko kuma antikor ɗin da jikin majinyacin ya yi da kansa. Bayan an kama abin, dole a riƙe shi wuri ɗaya a wanke sauran jinin. Don haka masu ƙera kayan gwaji suka ɗauko biotin suka manna shi a jikin antikor, sannan suka shafe bangon kwanon gwaji, ko wasu ƙananan duwatsu masu maganaɗisu, da wani furotin mai suna sitireptabidin, wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa. Riƙon da wannan furotin yake yi wa biotin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta, kuma kowane ɗaya yana da gurbi huɗu na kama biotin.

Wanda ya san kasuwar dabbobi zai gane wannan da sauri. Sitireptabidin shi ne turke, biotin ɗin da aka manna wa antikor shi ne igiya, abin da ake nema a jini kuma shi ne ragon. Idan jinin majinyaci ya zo cike da biotin na kwalba, kamar an zo da igiyoyi barkatai ne marasa dabba an ɗaure a kowane turke. Ragon gaske ya iso da igiyarsa bai sami inda za a ɗaure shi ba, da aka zo wanki sai ya bi ruwa. Na'ura kuma haske take aunawa, na wani sinadari mai haske da ke manne da abin da ya rage a turke, saboda haka hasken sai ya ragu.

Abin da ke rikita mutane shi ne, raguwar hasken nan ba ma'ana ɗaya take da ita a kowane gwaji ba. Akwai salon da ake matse abin da ake nema tsakanin antikor biyu, inda yawan haske ke nufin yawan abin. A nan biotin yana sa sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. A wannan rukuni ake samun TSH, homon ɗin da ke zaburar da tiroyid (wata ƙaramar gaɓa a gaban wuya), da taroponin na ciwon zuciya, da homon ɗin ciki hCG, da feritin mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da PSA da ake yi wa maza don duba furostat, da HBsAg na ciwon hanta nau'in B. Akwai kuma salon gasa, wanda ake amfani da shi ga ƙananan sinadarai, inda abin da ke jinin majinyaci yake rige-rigen gurbi da wani kwatankwacinsa mai haske. A nan ƙarancin haske yana nufin abin ya yi yawa, don haka biotin yana sa sakamako ya fito sama da gaskiya. T4 da T3, wato homon ɗin da tiroyid ke yi, da wasu homon irin su kotizol da testosteron, da bitamin D, da wasu antikor na tiroyid duk suna wannan rukuni.

A haɗa biyun a ga abin da zai fito. TSH ya faɗi, T4 da T3 sun hau, antikor na tiroyid ya nuna akwai. Wannan shi ne hoton cutar Basedow, wadda littattafan Ingilishi ke kira Graves, inda tiroyid ke aiki fiye da kima. A shekarar 2016 wasu likitoci a Jamus sun wallafa bayanin yara shida da ke shan biotin mai yawa saboda cututtukan gado, waɗanda gwajinsu ya nuna wannan hoto alhali tiroyid ɗinsu lafiya lau, har an fara ba wasu daga cikinsu maganin rage aikin tiroyid kafin a gano bakin zaren. A Nuwamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi, inda ta ambaci rahoton mutuwar wani majinyaci mai shan biotin da yawa bayan gwajin taroponin ɗinsa ya fito ƙasa da yadda yake. Ta sabunta gargaɗin a 2019.

Mataki na farko: a juya kwalba a karanta

Wannan aikin majinyaci ne ko wanda ke kula da shi, kuma a nan Maradi yana da ɗan sarƙaƙiya saboda kayanmu daga ƙasashe masu harsuna daban suke zuwa. Kwalbar da ta fito daga Nijeriya, Ingila ko Amurka za ta rubuta Biotin ko B7. Wadda ta fito daga Faransa za ta rubuta Biotine ko B8, domin Faransawa da B8 suke kiransa. Tsofaffin rubuce-rubuce kuma suna cewa bitamin H. Duk abu ɗaya ne. Kada a tsaya ga babban sunan da ke gaban kwalba, wanda sau da yawa hoton gashi ne kawai da kalmomin talla. A duba bayanta inda aka jera abin da ke ciki.

Sai a duba adadi. Alamar mcg da µg duka mikirogiram suke nufi, kuma 1,000 daga cikinsu ne ke yin miligiram 1. Haɗaɗɗun bitamin na yau da kullum, har da irin waɗanda ake ba masu juna biyu, yawanci ba su wuce mikirogiram 30 zuwa 300 ba, kuma irin wannan ba kasafai yake taɓa gwaji ba. Damuwa tana farawa ne idan aka shiga dubbai. A kuma lura cewa wasu suna haɗa kwalba biyu ko uku, ga ƙwaya ga alawa ga garin da ake damawa, don haka sai an tara jimla. Allurar biotin da ake yi wa masu zubewar gashi ita ma tana cikin lissafi, tunda kai tsaye take shiga jiki. Man gashi da sabulun wanke kai masu biotin ba su ne abin dubawa ba. Haka nan babu wanda ake cewa ya bar cin gyaɗa ko ƙwai kafin gwaji, domin biotin na abinci bai kai ya ruɗa na'ura ba.

Wanda bai iya karanta boko ba, ko aka sayar masa da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda babu kwali, abin da ya fi sauƙi shi ne ya zo da abin gaba ɗaya ya nuna, ko a ɗauki hoton kwalbar gaba da baya a waya.

Mataki na biyu: tambayar da ake yi kafin a soka allura

Idan da za a ce in zaɓi mataki ɗaya tak a cikin wannan jagora, wannan zan zaɓa, domin ba ya cin ko dala, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tambayar da muka saba yi ita ce, "Kina shan wani magani?" Amsar kuma kusan kullum ita ce a'a, kuma matar ba ƙarya ta yi ba, domin a wurinta magani shi ne abin da likita ya rubuta don ciwo. Alawar gyaran gashi da ƙawarta ta kawo mata tsaraba ba ta cikin wannan lissafi. Dole a sake fasalin tambayar a fito da ita fili: "Hajiya, ko akwai wani abu da kike sha na gyaran gashi, ko farce, ko fata? Ko alawa ce, ko ƙwaya, ko allura?" Idan namiji ne a ce, "Alhaji, ko kana shan wani abu don gashin kai ko gemu, ko na ƙarin kuzari?" Samari da masu fama da sanƙo suna sha fiye da yadda ake zato.

Wurin da aka yi tambayar ma yana da tasiri. Amaryar da ke shan kayan gyaran jiki ba lalle ta faɗa a gaban surukarta ko a tsakiyar layi ba. A jira sai ta zauna a kujerar ɗibar jini, a yi ƙasa da murya. Idan ta amsa, sai a bi da tambaya uku: nawa take sha a rana, tun yaushe ta fara, kuma yaushe ta sha na ƙarshe. Ta ukun ita ce mafi muhimmanci, saboda biotin yakan kai ƙololuwa a jini cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan an sha. A rubuta amsar a kan takardar neman gwaji, kada a bar ta a baki.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Idan aka ce wa mutum ya zo da safe ba tare da ya ci komai ba, zai kiyaye wannan sarai, amma ya sha ƙwayarsa daren jiya kamar kullum, wani ma ya haɗiye ta da ruwa da asuba tunda a ganinsa ba abinci ba ce. Zuwa da yunwa bai wadatar ba a wannan batu.

Mataki na uku: a dakata, amma na tsawon wane lokaci

Idan gwajin ba na gaggawa ba ne, maganin matsalar shi ne a dakatar da shan biotin a dawo daga baya. Kamfanin Roche, mai ƙera na'urori da kayan gwaji, ya daɗe yana rubutawa a takardun kayan gwajinsa cewa mai shan fiye da miligiram 5 a rana kada a ɗibi jininsa sai an yi aƙalla awa 8 da shan ƙarshe. Ƙungiyar likitocin tiroyid ta Amurka ta ba da shawarar a dakata aƙalla kwana 2 kafin gwajin tiroyid. Ni a nawa ganin, ga mai shan miligiram 5 zuwa 10, kwana 3 ya fi kwanciyar hankali, kuma lissafinsa ya fi sauƙi ga majinyaci: wanda ya daina ranar Juma'a ya zo ranar Litinin ko Talata. Kwana uku babu biotin ba zai zubar da gashin kowa ba.

Mutum biyu ne wannan lissafi bai ishe su ba. Na farko shi ne mai ciwon ƙoda, domin ta ƙoda biotin ke fita, idan ta yi rauni sai ya daɗe a jini. Na biyu shi ne mai shan adadi mai yawan gaske, irin miligiram 100 zuwa 300 da aka taɓa gwadawa a kan wata cutar jijiyoyi. Irin wannan na iya buƙatar mako guda. A yaran nan na Jamus, homon ɗin tiroyid ya daidaita cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma antikor ya ɗauki kusan mako kafin ya koma daidai.

Sannan akwai wanda bai kamata ya daina da kansa ba sam. Yaron da likita ya ɗora a kan biotin saboda cutar gado da ke hana jiki sarrafa wannan bitamin, a wurinsa magani ne na gaske, dakatar da shi na iya jawo farfaɗiya da wasu matsaloli. A nan likita ne zai shirya da labo a nemi hanyar gwajin da biotin ba ya taɓawa.

Ga waɗanda ke zuwa daga nesa, daga Dakoro, Tasawa, Mayahi ko Madarunfa, ko masu tafiya Yamai ko Kano don gwajin da ba a yi a kusa, ya kamata likitan da ya rubuta gwajin ya faɗi wannan tun ranar da ya miƙa takardar. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya biya kuɗin mota da na gwaji, sannan a ce masa ya koma gida ya dawo bayan kwana uku.

Idan lamarin na gaggawa ne

Wanda ya zo da ciwon ƙirji ba a ce masa ya jira. A ɗibi jini nan take, a sanar da labo cewa yana shan biotin, likita kuma kada ya sallame shi don taroponin ya fito ƙasa. A dubi awon bugun zuciya na ECG, a dubi yanayinsa, a maimaita gwajin bayan wasu awanni, in da hali a wata na'ura daban. Haka matar da al'adarta ta yi jinkiri ta zo da ciwon mara da ɗigon jini: idan hCG na jini ya fito ƙasa kuma tana shan biotin, ba a kawar da zaton ciki a wajen mahaifa ba sai an yi eko, wato hoton ciki. Waɗannan biyu su ne inda kuskuren kan iya cin rai.

Mataki na huɗu: karanta sakamako tare da kallon mai shi

Likita ne ke da majinyaci a gabansa, don haka shi ne zai fara ganin cewa takarda da jiki ba su jitu ba. Mai cutar Basedow ta gaske yakan rame, zuciyarsa na bugawa da sauri, hannu na rawa, zufa na zuba, wani lokaci idanu sun firfito ko maƙoƙo ya bayyana. Idan takarda ta ce Basedow amma mutum na zaune lafiya, bugun zuciyarsa daidai, nauyinsa bai canza ba, to a tambayi batun biotin kafin a rubuta karbimazol, maganin rage aikin tiroyid da ke iya rage fararen ƙwayoyin jini ya kuma taɓa hanta.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Raunin tiroyid yana cikin abubuwan da ke sa gashi zubewa. Mace ta ga gashinta na zuba, ta sayi biotin, ta yi wata biyu tana sha, gajiya da jin sanyi suka ƙaru, ta je asibiti. TSH ɗinta na gaske ya hau, amma biotin ya danne shi ya fito kamar daidai, T4 ɗinta na gaske ya faɗi, biotin ya ɗaga shi. Sai a ce mata tiroyid lafiya, ta koma ta ci gaba da shan abin da ya rufe ciwon. Wadda kuma take kan lebotiroksin, maganin raunin tiroyid, ana iya rage mata magani bisa sakamakon da ba gaskiya ba. Ya dace a sani cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya da ke nuna biotin yana ƙara gashi ga wanda ba shi da ƙarancinsa, kuma ƙarancinsa ba abu ne da ya yawaita ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da haihuwa, da tsananin ɗaurin kitso, da man miƙar da gashi, su ne suka fi cancantar a fara dubawa idan gashi na zubewa.

A ɓangaren cututtuka masu yaɗuwa, HBsAg da ya fito babu alhali akwai yana iya sa a ba mai ciki tabbacin da bai kamata ba, ko a ce mai shirin aure ba ya ɗauke da cutar, ko a karɓi jinin mai bayarwa. Gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in C da ake yi a manyan na'urori masu wannan fasaha su ma suna iya raunana. Wanda ke da dalilin zargin ya kamu, kuma yana shan biotin mai yawa a lokacin gwaji, ya sake yi bayan ya dakata.

Don kada tsoro ya wuce gona da iri: ƙidayar ƙwayoyin jini, da duba zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, da awon sukari, da kiretinin na duba ƙoda, da rukunin jini, ba da wannan fasaha ake yin su ba, biotin bai shafe su ba.

Mataki na biyar: abin da ya rataya a wuyan labo

Kowane labo ya kamata ya san waɗanne gwaje-gwajensa ne ke amfani da biotin da sitireptabidin, kuma amsar tana cikin takardar da ke zuwa a kowane kwalin sinadaran gwaji, a sashen abubuwan da ke kawo cikas. A can kamfani yake rubuta iyakar biotin da gwajin ke jurewa, da nanogiram a kowace mililita. A zauna rana ɗaya a fitar da waɗannan lambobi a rubuta su a takarda guda a manna kusa da na'ura, a kuma ba likitocin da ke turo jini kwafi. Bambancin yana da girma: tsohon gwajin taroponin T na Roche yana jure nanogiram 20 ne kacal, sabon kuwa an kai shi 1,200, alhali jinin wanda ba ya shan ƙari ba ya kai nanogiram 1. Na'urorin Abbott irin su Architect yawancin gwaje-gwajensu ba su dogara da wannan riƙo ba, yayin da wasu gwaje-gwajen Siemens, Beckman da Vitros suke dogara da shi, wasu kuma ba sa yi. Sunan na'ura kaɗai bai isa ba. Gwaji-gwaji ake dubawa, kuma a sake dubawa duk lokacin da sabon kwali ya zo da sabon tsari. Wasu gwaje-gwajen gaggawa na tsinke ma suna amfani da wannan fasaha a layinsu, don haka takardarsu ma a karanta.

Idan an riga an yi gwaji kuma ana zargin biotin, hanya mafi sauƙi ita ce a kira majinyaci a sake ɗibar jini bayan ya dakata. Idan ba za a iya jira ba, a aika ragowar jinin zuwa labon da na'urarsa ba ta amfani da wannan riƙo. Aika shi zuwa na'ura irin ta farko maimaita kuskure ne kawai. Ga gwajin salon matsi kamar TSH ko hCG, ana iya tsarma jinin da ruwan tsarmi na kamfanin a sake aunawa: idan bayan an ninka lissafi sakamakon ya haura na farko sosai, akwai abin da ke danne shi. Wannan dabara ba ta aiki ga T4 da T3 marasa ɗauri, wato waɗanda ke yawo a jini ba a ɗaure da furotin ba, domin tsarmi yana ɓata daidaiton da ake aunawa. Manyan labo suna da wata hanya ta zuba duwatsun sitireptabidin a jinin su tsotse biotin kafin gwaji, amma sai labo ya tabbatar da ingancinta a na'urarsa kafin ya dogara da ita.

Duk sakamakon da aka fitar alhali an san mai shi yana shan biotin, a rubuta a ƙasan takardar adadin da yake sha da lokacin shan ƙarshe, tare da bayanin cewa wannan gwaji yana iya fitowa sama ko ƙasa da gaskiya, domin takardar na iya faɗawa hannun wani likita a wani gari bayan watanni. Idan kuma an sake gwajin aka sami sakamako daban, a kira likitan da ya turo a waya a sanar da shi a ranar, a soke na farko a rajista, kuma a karɓi tsohuwar takardar daga hannun majinyaci in zai yiwu.